Yadda Ake Jan Tirela Mai Nauyi da Akori-kura Ba Tare da Ita Ta Ja Ka Ba

Tun da kaka ta kama tambaya guda ce ke ta zuwa mini, daga manoman shinkafa na Dadin Kowa, daga masu ba da hayar injin casa a Kumo, har da wani mai gidan burodi a Gombe da ya sayo ƙaton janareta mai taya: "Malam, Hilux ɗina za ta iya jan kaza?" Za ta ja mana. Ko jaki aka ɗaura wa amalanke a kan kwalta zai motsa ta. Abin da har yau ba wanda ya tambaye ni shi ne ko motar za ta iya tsayar da abin da ta jawo, alhali a nan ake asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Tirelar da nake nufi ita ce ƙaramar nan mai taya biyu ko huɗu da ake maƙala wa bayan akori-kura, ba ta 'yan siminti ba. Ga yadda ake yi, daki-daki.

1. Fara da lissafi, ba da makulli ba

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin ƙofar, ko cikin bonet. Akwai ɗan allo da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai idan an loda ta. Littafin motar kuma yana ɗauke da iyakar abin da za ta ja, kuma lamba biyu ce, ba ɗaya ba: ta tirela mai birki, da ta marar birki. A Hilux da ire-irenta, ta marar birki ba ta wuce kilo 750. Ta mai birki takan kama daga wajen tan biyu zuwa tan uku da rabi, gwargwadon shekarar motar da injinta da giyarta. Tan uku da rabin nan da ake ta yayatawa na sababbin masu dizal ne, ba na tsohuwar mai fetur da ta sha yawon kamfen ba.

Kilo 750 ɗin har da nauyin ita kanta tirelar. In wadda aka ƙera maka tana da kilo 400 babu komai a ciki, saura 350 ke nan: buhun siminti bakwai, ko buhun masara uku da rabi. Na san wani zai yi dariya ya ce shi goma sha biyar yake zubawa. Ba a hana shi zubawa ba, birkin motarsa ne ba a yi shi don haka ba.

Motocin Amurka irin su Tundra da Tacoma da F-150 da fam suke rubuta nauyi. Raba lambar da 2.2 ka sami kilo. Fam 5,000 bai kai tan biyu da rabi ba, kada yawan sifili ya ruɗe ka.

In ba ka san nauyin tirelarka ba, kai ta sikelin awon manyan motoci, irin na kamfanonin casar shinkafa ko wuraren fasa dutse, a auna ta wayam, ka rubuta lambar da fenti a jikinta. Sau ɗaya ake yin wannan.

Gargaɗi: kayan da ke cikin bodin motar da mutanen da ke ciki duk suna cin rabonsu. Ba a cika bodi taf da buhuna sannan a ja cikakkiyar tirela. Ɗaya za ka zaɓa.

2. Ƙugiyar ja

Nan ne ake yawan kwafsawa. Ƙarfen ja na gaskiya a jikin cesis ake ɗaure shi, hagu da dama, da notuna, a ramukan da kamfani ya huda tun asali. Bamba ba wurin ja ba ce. Na taɓa kai mota wurin wani mai walda, ya lanƙwasa rodi ya manna a bamba, ya buga masa guduma sau biyu ya ce, "Oga, ko tirelar siminti ka ɗaura wannan ba zai ɓalle ba." Rodin kam bai ɓalle ba. Bambar ce ta biyo shi, a kan ɗan tudun rage gudu, da tankin ruwa a baya. Allah ya sa a hankali nake tafiya.

Abin da za ka nema wurin masu sayar da kayan mota shi ne ƙarfen ja da aka yi wa irin motarka, ko da na gwanjo ne, matuƙar bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta ci shi ba. Na kirki yana da ɗan allo mai lamba biyu: nauyin da zai ja, da nauyin da zai iya ɗauka a kansa daga sama. Notunan da za a ɗaure shi da su ka dubi kansu, ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Wanda kansa ba rubutu na ƙofar shago ne. Kada ka yarda a yi walda a jikin cesis ko a huda masa sabon rami. Zafin walda yana raunana ƙarfen, kuma daga gefen ɗinkin yake fara tsagewa.

Sai ƙwallon da bakin tirela ke hawa kai. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ne, wato da ido ba za ka bambanta shi da na Turai ba. Kasuwarmu kuwa kowanne ana kawowa, mota daga Amurka, tirela daga Jamus. Bakin tirela mai milimita 50 kan ƙi rufuwa sosai a kan ƙwallo mai inci 2, a ɗauka ya kama alhali ɗofane yake. Baki mai inci 2 a kan ƙwallo mai inci 1 da 7/8 kuma zai yi ta ƙwal-ƙwal har ya sami ramin da zai fitar da shi. Ana buga girman a saman ƙwallon, ana buga shi a bakin tirelar. Goge giris ka karanta, lambobin su zo ɗaya.

Janareta da injin haƙar rijiya da yawa zobe ne a hancinsu, ba baki ba. Su ƙugiya mai rufewa ake sa musu, mai harshe da fin. Zura ƙusa ko guntun rodi a cikin zobe ba haɗi ba ne.

Ƙa'idar da ta ɗaure duka: mota, ƙarfen ja, ƙwallo, bakin tirela, kowanne da lambarsa. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ce iyakarka.

3. Duba tirelar kanta

Taya tukuna. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a gari da tayoyin da mota ta gama da su ake sallamarsu. A gefen kowace taya akwai lambar nauyin da za ta ɗauka: 100 na nufin kilo 800, 104 kilo 900, 112 kilo 1,120. Taya biyu masu lamba 100 ba za su ɗauki tan biyu ba, kome kyan zanensu. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar ƙira, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta shekara shida tana shan ranar Gombe, ko zanenta na nan, gefenta ya bushe. Mai faci ya auna iska da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ba da bugun ƙafa ba. Ka ƙara wa tayoyin bayan motar iska zuwa abin da allon ƙofa ya rubuta na cikakken lodi.

Ɗaga kowace ƙafa da jak, ka juya tayar da hannu, ka girgiza ta sama da ƙasa. Gurnani ko wasa alamar boris ne, a canza shi a cika giris. Tirelar da ta kwana damina a gona kusan kullum ruwa ya shiga boris ɗinta.

Birkin tirela iri biyu za ka tarar. Na Turai a wuyanta yake: in mota ta rage gudu, tirelar ta turo, wuyan ya matse, shi ke jan birkin. Na Amurka galibi na lantarki ne, sai an sa wa motar ɗan akwatin da ke sarrafa shi kusa da sitiyari, in ba haka ba birkin yana nan amma ba ya aiki. Ko wanne ne, gwada shi a fili kafin ka hau titi.

Gargaɗi: tirelar tarakta ba ta akori-kura ba ce. Don tafiyar tarakta aka yi ta, da yawa ba su da birki, kuma nauyinta wayam ma ya isa ya tura motarka.

Batun kuɗi, ga yadda nake jera shi in aljihu bai kai ba: ƙarfen ja da notunansa, sai taya da boris, sai birki, sai wuta. Fenti da rumfa su jira. Tambayi shago uku kafin ka biya, domin kayan gwanjo ba su da tsayayyen farashi. Man mota kuma, yi kasafinsa kamar tafiyar ɗaya da rabi za ka yi.

4. Lodi

Wata shekara na ɗauko shanshera daga Dadin Kowa, buhu goma sha biyu. Ina can ina lissafi da mai gona, 'yan dako suka loda. Da yake ƙofar baya ce kusa da su, nan suka jibge yawanci. Na zo na ga hancin tirelar ba nauyi, har ina murna mota ba za ta wahala ba. Tare da ni akwai wani dattijo da ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota, na rage masa hanya. Mun miƙe sosai sai wata tanka ta wuce mu da gudu. Iskarta ta bugi tirelar, ta yi hagu, ta dawo dama, ta sake yin hagu fiye da na farko. A madubi ina ganin gefenta gaba ɗaya, bayan motar yana bin ta. Ƙafata ta nufi birki.

"Kul, yaro! Ɗaga ƙafarka kawai. Riƙe sitiyari, kada ka bi ta."

"Baba, za ta kayar da mu!"

"Ba ta kayar da mu sai ka taka. Bar ta ta gaji."

Gudu ya ragu da kansa, lilon ya lafa. Da muka tsaya bai ce mini komai ba, ya zagaya ya ɗaga hancin tirelar da hannu ɗaya, ya dube ni. Mu biyu muka sauke buhu biyar muka mai da su gaba, a bakin titi, da azahar.

Abin da ya faru shi ne nauyi ya koma bayan tayoyi, tirelar ta zama kamar jelar da ke kaɗa kare. Kusan kashi sittin cikin ɗari na kaya gaban tayoyin tirela yake zama, arba'in a baya, mafi nauyi a ƙasa kuma kusa da gatarin tayoyin, hagu da dama daidai. Hancinta ya danna ƙwallo da kusan kashi goma cikin ɗari na dukkan nauyinta. Tirela mai tan biyu da kayanta, wajen kilo 200 ke nan a kan ƙwallo. In allon ƙarfen janka bai yarda da 200 ba, rage kayan za ka yi, ba mai da su baya ba. Kilo 200 ɗin nan kuma cikin lodin motar ake ƙirga shi, kamar ka ɗora buhu biyu a can ƙarshen bodi.

In nauyin gaba ya yi yawa shi ma matsala ne: bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf, fitilu su riƙa haska sama. Koma gefe ka tsaya nesa kaɗan ka duba. Mota da tirela su miƙe kamar layi ɗaya. In sun yi kwari a tsakiya, ko sun yi tozo, a sake lodi, ko a sauya tsayin ƙwallon.

Ɗaure kaya da bel mai maƙulli, injin kuma da sarƙa ta kusurwa huɗu. Igiyar roba tana miƙewa. Tankin ruwa ka cika shi taf ko ka bar shi wayam: lita 1,000 tan guda ce, kuma rabin tanki ya fi cikakke haɗari, domin ruwan zai riƙa dukan gaba duk sanda ka taka birki. Dabbobi a raba su da shinge don kada su taru gefe guda a kwana.

Mutum ba ya hawa tirela. Ko 'yan aikin gona sun roƙe ka, ko tafiyar ba nisa.

5. Haɗawa

A bi wannan jeri kullum, kuma direba ne zai duba da idonsa, ba yaron mota ba.

Sa weji gaba da bayan tayar tirela. Ɗaga hancinta ya ɗara ƙwallo. Yi ribas a hankali, mai nuna maka hanya ya tsaya a gefe inda kake ganinsa a madubi. Ba ya shiga tsakanin mota da tirela sai ka ja hambirki ka kashe inji. Sauke bakin a kan ƙwallo, rufe maƙulli, zura fin. Sannan ka gwada: sake ɗaga hancin da jak ɗinsa. In ya kama, bayan motar zai fara ɗagowa tare da shi. In ya zame ya fito, gara da ya fito yanzu.

Sarƙa biyu ake sawa, a gicciye su ƙarƙashin wuyan tirela, ta hagu zuwa dama, ta dama zuwa hagu, domin in bakin ya fice wuyan ya faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Su yi sako-sako yadda za a iya shan kwana, amma kada su ja ƙasa. A jikin ƙarfen ja ake maƙala su, ba a wuyan ƙwallo ba. Tirela mai birki tana da siririyar waya da ke jan birkin idan ta rabu da mota. Ita ma wurinta daban, kada a ɗaura ta a jikin sarƙa. Daga nan ka naɗe ƙafar jak ɗin sama ka kulle, ka saki hambirkin tirela, ka cire weji ka jefa a bodi.

6. Wuta da madubi

Danja, sigina, fitilar dare. Ka taka, wani ya tsaya baya ya faɗa maka. Filogin Turai da na Amurka ba sa shiga juna, mai wayarin zai haɗa maka. In wuta na yin yadda ta ga dama, fara da wayar da ke komawa jikin ƙarfe, yawanci ita ce. Manna sitika mai ƙyalli a baya da gefe. A hazon Disamba da Janairu ita ce kawai ɗan acaɓa zai gani. In tirelar ta fi motar faɗi, a ƙara wa madubi hannu. Safaya ta tirela, jak da zai iya ɗaga ta da kayanta, sifanar da ta dace da notunanta, si-koshan da abin kashe gobara, duk su shiga mota. Takardun tirela da lambarta ka kammala su a ofishin VIO, masu duba lafiyar motoci, kafin ranar tafiya, ba a shingen hanya ba.

7. A kan hanya

Tashi a hankali, kada ka ƙona kuloci. Tun kana cikin unguwa taka birki sau biyu ka ji yadda nauyin ke turo ka. Bayan kilomita goma zuwa ashirin ka tsaya wuri mai faɗi: taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu, ɗumi ba komai, zafin da ba ka iya jurewa boris ne ko birki ya kama. Ƙara matse bel, domin buhuna sun zauna. Bi notunan taya da sifana.

Dokar hanya ta ƙasa ta ba tanka da manyan tireloli kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi na gudu. Ni da wannan nake auna kaina, ko da motar na jin za ta iya fin haka. Gudu in ya ninka biyu, aikin da birki zai yi ninki huɗu ne. Tazara kuwa, in motar gabanka ta wuce wata bishiya, ka iya ƙirga ɗaya zuwa shida a tsanake kafin kai ka iso ta. 'Yan Keke Napep za su yi ta cusa kai cikin tazarar, ka ƙyale su ka sake buɗe wata.

Tayoyin tirela ba sa bin sawun na mota, ta ciki suke yankewa. Buɗe kwana, musamman a shataletale da bakin kwalbati. Ramin da motar ta kauce wa da ƙyar, tirelar za ta faɗa. Wuce babbar mota kuwa sai hanya ta buɗe tar, kuma ka tuna tsawonka ya ninka kafin ka koma hannunka. Ranar kasuwar garuruwan bakin titi, ko dai ka yi sammako ko ka haƙura. A watan Maris da Afrilu idonka na kan gejin zafi. In allura ta fara hawa, kashe na'urar sanyi, rage giya, nemi inuwa. Ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Kada ka sa motar a 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja, a kan busasshiyar kwalta da sunan ƙarin ƙarfi, irin ta Hilux ba a yi ta don haka ba. Ajiye shi sai yashi ko taɓon hanyar gona.

8. Gangare

Duk wanda ke shigowa Gombe ta hanyar Bauchi ya san garin a kwari yake, kuma ya san abin da manyan motoci ke yi a gangaren nan in birki ya ƙi. Hanyar Tula ta fi shi, ga gangare ga kwana. Tun kana bisa tudu, kafin hancin mota ya sunkuya, rage gudu ka sa ƙaramar giya, wadda da ita za ka hau wannan tudun. Mai otomatik ya saukar da ita zuwa 2 ko L, ko ya danna maɓallin jan tirela in motarsa na da shi. Inji zai yi ƙara, bar shi ya yi, aikinsa yake.

Birki kuma taka shi sosai gudu ya ragu, ka saki ya huce, ka sake. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke gasa shi, man birki ya tafasa, feda ta nutse ba abin da ta kama. In ka ji ƙauri, tsaya tun yana kamawa, sa weji, jira. Kada ka watsa masa ruwa.

Gargaɗi: sa mota a firi a gangare don tsimin mai, da tirela a baya, ganganci ne tsagwaronsa.

9. In ta fara lilo

Abin da dattijon nan ya ce: ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka ƙara wuta wai don ta miƙe. Mai birkin lantarki ya matsa hannun akwatin a hankali, birkin tirela shi kaɗai zai ja ta ta daidaita. Da ta lafa ka sauka gefe ka gyara lodi ka duba iska, domin in ka ci gaba a haka za ta maimaita. In abu ya faru, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce 122.

10. Ribas da kwancewa

Kama sitiyari ta ƙasa da hannu ɗaya. Inda hannunka ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin karyewa. Da ka ga ta fara naɗewa, kada ka yi gardama da ita, matsa gaba ka miƙe ka sake. Je filin ƙwallo da yamma da jarkoki biyu ka koya, kafin ranar da za ka yi shi a kasuwar Tudun Hatsi mutum hamsin na ba ka umarni. Wasu tsofaffin tireloli masu birki a wuya suna da ɗan sakata da ake sawa kafin ribas. In ka gama ka cire shi, in ka manta ka koma titi ba birki.

Wurin kwancewa nemi ƙasa mai daidai. Hambirkin mota, hambirkin tirela, weji gaba da baya. Sauke ƙafar jak a kan guntun katako don kada ta nutse. Cire filogi, cire siririyar waya, buɗe maƙulli, ɗaga hancin ya bar ƙwallo. Sarƙa ce ƙarshen cirewa, sai ka tabbata tirelar ta tsaya da ƙafarta. In za a sauke kaya bayan an kwance, a fara da na baya, domin in aka kwashe na gaba tukuna hancin zai yi sama da duk wanda ke tsaye kusa da shi.